Katakon Huashan ko ƙololuwar Kilimanjaro: wanne ya fi haɗari?

Wani matashi daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ga bidiyon mutane suna bin wani siririn katako a jikin dutse a ƙasar Sin, an rubuta a ƙasa cewa babu hanya mai haɗari irinta a duniya. Yana so ya san ko gaskiya ne, da kuma abin da ke kai mutane irin waɗannan wurare. Ya ƙara da cewa shi da abokansa uku suna tara kuɗi su je tsaunin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, tunda sun ji an ce shi tafiyar ƙafa ce kawai, ba a buƙatar igiya.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bidiyon nan na san shi, ya yi yawo a WhatsApp har ya gaji. Dutsen Huashan ne, a lardin Shaanxi, ba nisa da birnin Xi'an. Ƙololuwarsa ta kudu ta haura mita 2,150 kaɗan, kuma a gefenta aka kafa katakon. Ramuka aka fafe a jikin dutsen, aka cusa ƙarafa, aka shimfiɗa katako a kai, faɗinsa wajen santimita 30, wato tsawon takalminka da ɗan ƙari. Daidai kafaɗarka akwai sarƙa, ƙarƙashin ƙafarka kuwa babu komai sai iska. Mabiya addinin Tao ne suka sassaƙa hanyar kimanin shekara 700 da suka wuce, suna neman inda za su kaɗaita su yi bauta nesa da jama'a. Yau jama'ar ta bi su har can, sai an ja layi.

To amma in ka ce in jera maka hanyoyin da suke cin rai, Huashan ba ya sahun gaba. Ba a barin kowa ya taka katakon sai ya ɗaura ɗamarar tsaro mai ƙugiya biyu, kana cire ɗaya ka maƙala a gaba, ɗayar na riƙe da kai. Tafiyar gajera ce. In yanayi ya ɓaci a rufe. Wurin da ya fi tsinka zuciya shi ne inda mai dawowa zai gitta mai tafiya, don hanyar ba ta ɓullewa, ta inda ka shiga ta nan za ka fito, sai ɗaya ya manna ƙirjinsa da dutse ɗayan ya zagaye shi ta baya. Duk da haka, mutumin da yake ganin rami a ƙarƙashinsa ba ya wasa. Tsoron da kansa yana tsare shi.

Irin wannan labarin ne da Caminito del Rey a kudancin Sifaniya, kusa da Malaga. An gina ta tsakanin 1901 da 1905 don ma'aikatan tashoshin lantarki su riƙa wucewa ta cikin kwazazzabo, faɗinta mita ɗaya, tsayinta daga kogi wajen mita 100. Sarki Alfonso na 13 ya bi ta a 1921, daga nan ta samo sunanta, 'yar hanyar sarki. Da aka daina kula da ita sai simintin ya riƙa zubewa, a wasu wurare ƙarfe tsirara ya rage. Bayan mutane biyar sun mutu a 1999 da 2000 aka rufe ta. A 2015 aka buɗe sabuwa a saman tsohuwar, da shinge, da hular kwano, da tikiti mai lokaci. Yanzu dattawa ma suna bi. Bidiyon da ake yaɗawa da sunan haɗari galibi na tsohuwar ce.

Abin da ke kashe mutane a tsauni ba ya fitowa da kyau a hoto, shi ya sa ba ka gan shi a waya ba.

Ɗauki yanayi. A Nepal akwai zagayen Annapurna, hanyar ƙafa ce zalla, dubban mutane na bin ta kowace shekara, kuma mafi tsayin wurin da take ratsawa shi ne mashigin Thorong La, mita 5,416. Watan Oktoba ne lokacin da kowa ke so, don sama garau take. A Oktoban 2014 wata guguwa mai suna Hudhud ta taso daga tekun Bengal, ragowarta ta isa tsaunukan ta zubar da dusar ƙanƙara ba ƙaƙƙautawa. Hanya ta ɓace, mutum ba ya ganin wanda ke gabansa. Aƙalla mutum 43 suka mutu a yankin, da baƙi, da 'yan jagora, da makiyaya. Babu wanda ya faɗo daga katako. Sanyi ne, da ɓatan kai, da zaftarewar ƙanƙara. A Amurka kuma akwai tsaunin Washington, mita 1,917 kacal, bai kai Chappal Waddi namu na jihar Taraba ba, amma ya ci sama da mutum 150. A 1934 an auna iska a kansa tana gudun kilomita 372 a awa. Mutane kan hau shi da 'yar riga saboda a gindinsa rana ake yi. Ka riƙe wannan lissafin: duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi na raguwa da maki shida da rabi, kafin ma a sa iska a lissafi.

Ruwan sama kaɗai ma ya isa. A dutsen Half Dome da ke gandun Yosemite na Amurka, mita 120 na ƙarshe dutse ne sumul, an kafa igiyoyin ƙarfe biyu ana ja da hannu. In ya bushe, yaro mai ƙarfi zai hau. In aka yi yayyafi sai ya koma kamar sabulu, ga shi ƙarfe ne a hannunka kana kan wuri mafi tsayi lokacin da ake tsawa. A 1985 aradu ta kashe mutum biyu a samansa.

Sai abin da ke faɗowa daga sama, wanda ƙwarewarka ba ta da ta cewa a kansa. Hanyar da aka fi bi zuwa ƙololuwar Mont Blanc, tsauni mafi tsayi a tsaunukan Alps, tana gitta wani kwari da ake kira Goûter. Tsallake shi bai fi 'yan mintuna ba, amma duwatsu na gangarowa ta cikinsa, wasu kamar tulu, wasu sun fi haka. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ke riƙe su kamar siminti, in rana ta yi zafi ta narke sai su sako. Shi ya sa masu hankali ke tsallakawa da sassafe. Tsakanin 1990 da 2017 sama da mutum 100 sun mutu a wannan yanki. A bazarar 2022, da zafi ya yi tsanani, magajin garin Saint-Gervais da ke gindin tsaunin a Faransa, Jean-Marc Peillex, ya fusata da masu kunnen ƙashi har ya yi barazanar sai mutum ya ajiye yuro 15,000 kafin ya hau: 10,000 kuɗin ceto, 5,000 kuɗin jana'iza. A wannan bazarar ce, ranar 3 ga Yuli, wani ɓangare na daskararriyar ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11 da ke kan hanyar da aka saba bi.

A Everest, tsauni mafi tsayi a duniya, irin wannan wurin shi ne Khumbu, inda kogin ƙanƙara ke gangarowa yana tsattsagewa, yana motsi kusan mita ɗaya a yini. Tsanin alminiyom ake ɗaurewa a shimfiɗa a kan ramukan. Baƙon da ya biya kuɗi zai ratsa wurin sau kaɗan, amma 'yan ƙabilar Sherpa masu dakon tanti da tukwanen iskar oksijin sai su yi ta kai da kawowa duk kakar. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe 16 daga cikin ma'aikatan nan 'yan Nepal. Ina faɗin wannan ne don in an ce wane ya ci Everest, ka tuna akwai waɗanda suka shimfiɗa masa hanya da ransu a hannu, kuma ba a cika jin sunansu ba.

Akwai kuma abin da sababbin shiga ba sa yarda da shi sai sun gani: saukowa ta fi hawa haɗari. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma a tsauni ƙololuwa ita ce Dalar, birnin yana can gindi inda ka baro. Ranar 14 ga Yuli 1865 mutum bakwai suka fara taka ƙololuwar Matterhorn a tsaunukan Alps, ƙarƙashin Baturen Ingila Edward Whymper. A hanyar sauka ɗaya ya zame ya ja uku, igiya ta tsinke, huɗu suka tafi. A K2, tsauni na biyu a tsayi a duniya, mai mita 8,611, a Agustan 2008, ƙanƙarar da ke rataye a saman wani ƙuntataccen mashigi ta faɗo ta yanke igiyoyin da aka kafa, alhali mutane na sama suna shirin sauka cikin duhu. Mutum 11 suka rasu. Dalilin a fili yake. Mai sauka ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa, gwiwa na rawa, murna ta ɗauke masa hankali, rana kuma ta yi nisa. Saboda haka ake yanka lokacin juyawa tun kafin a bar tanti. A Everest a Mayun 1996 an wuce ƙarfe biyun rana da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, mutane na ta hawa, guguwa ta same su a sama, takwas suka mutu. A 2019 kuma ka ga hoton da Nirmal Purja, wani mai hawan tsauni ɗan Nepal, ya ɗauka a Everest, mutane sun yi layi a kan tsini kamar masu jiran mai, kowa iskar tukunyarsa na ƙarewa yana tsaye. Mutum 11 aka rasa a kakar.

Me ke kai su? Ba abu ɗaya ba ne. Wasu suna ne: Everest mita 8,848.86 ne bisa awon da Nepal da Sin suka sanar a 2020, kuma tun da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka hau shi ranar 29 ga Mayu 1953 ya zama abin da ake sawa a tarihin rayuwa. Wasu na bin jerin tsaunuka bakwai, mafi tsayi a kowace nahiya. Ga ƙasashen kuma kasuwa ce, takardar izinin Everest kaɗai ta tashi daga dala 11,000 zuwa 15,000 a 2025, ban da jagora da kaya. Wasu hoto suke nema, ba na ɓoye maka. Wasu kuma abin na zuciya ne, kuma wannan kai ma ka san shi. Dubi alhazanmu a Jabalun Nur. Ga allo an kafa cewa hawan ba ya cikin ayyukan Hajji, amma za ka ga tsohuwa da silifas da 'yar gorar ruwa ɗaya tana jan ƙafa, tana hutawa a kowace kwana, birai na fizge ledar hannun mutane, ita dai burinta ta ga kogon Hira da idonta. Dutsen bai fi mita 640 da 'yan kai ba, zafin Makka ne ke kayar da mutane a kansa. Wanda ya fahimci tsohuwar nan ya fahimci rabin masu zuwa Himalaya.

Yanzu ga naku. Gaskiya ne Kilimanjaro ba ya buƙatar igiya a hanyoyin da aka saba bi, kuma wannan sauƙin ne tarkonsa. Tsayinsa mita 5,895. A can sama iskar oksijin tana nan kashi 21 cikin ɗari kamar a Zariya, amma nauyin iskar ya ragu, duk numfashin da ka ja kusan rabin abin da ka saba samu ne ke shiga. Jiki na iya sabawa, sai dai yana son kwanaki. Ciwon tsauni yakan fara ne daga mita 2,500, kuma ka lura, duk Najeriya babu inda ya kai haka. Chappal Waddi mita 2,419 ne, Bagzan na ƙasar Azbin a Nijar 2,022. Ko Mambila ka je ka yi wata, ƙafarka ce za ta yi ƙarfi, jininka bai ga komai ba tukuna. Mafi kusa da mu da ya wuce mita 4,000 shi ne tsaunin Kamaru a bayan garin Buea, shi kuma yankin na fama da rikici, sai an bincika kafin a je.

Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, in ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma ka huta kwana ɗaya bayan kowane uku ko huɗu. Gwada wannan da hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda ta fi araha kuma ita za a fara tallata muku. Daren farko a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, 3,700. Na uku a Kibo, 4,700, kuma ba kwana ba ne, da tsakar dare za a tashe ku zuwa ƙololuwa. Mita 1,000 ke nan kowane dare, ninki biyu na ƙa'ida. Ni shawarata ku ƙara tara kuɗi ku bi Lemosho ta kwana takwas, ko Machame ta kwana bakwai. A waɗannan akwai ranar da za ku hau har Lava Tower, wajen mita 4,600, ku ci abinci, ku gangaro ku kwana a Barranco ƙasa da 4,000. Wannan hawa sama da kwana ƙasa shi ne ke koya wa jiki. Ku guji Umbwe, tsaye take da yawa, ku guji Western Breach, inda duwatsu suka kashe Amurkawa uku a Janairun 2006.

Sau uku na je tsaunin nan, sau biyu na kai, sau ɗaya na juyo, kuma na juyowar ne ya fi zama a raina. Mun bar Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa, da sha biyun dare. Barafu da Suwahili ƙanƙara ke nan, kuma sunan bai yi ƙarya ba. In ka ɗaga kai sai ka ga fitilun goshi sun yi layi har sun haɗe da taurari, ba ka iya bambance su. Ruwan gorata ya fara daskarewa tun kafin ƙarfe uku. A cikinmu akwai wani saurayi ɗan ƙwallo, duk ya fi mu ƙarfi, tun ranar farko yake wuce kowa yana dariyar jagora da ke cewa pole pole, wato sannu sannu. Kwana biyu yana ciwon kai yana shan farasitamol a ɓoye, wai zazzaɓin da ya taho da shi ne daga gida. Can wajen mita 5,400 sai na ga yana tangaɗi, safar hannunsa ɗaya ta faɗi bai ma sani ba. Jagoran ya tsayar da shi, ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce ya bi, dunduniya na taɓa yatsa. Taku uku ya yi ya karkace. Aka tambaye shi sunan mahaifiyarsa, ya tsaya yana kallonmu yana murmushi. Nan take muka juya da shi, ni da jagora ɗaya, yana zage-zage yana cewa kuɗinsa ya biya. Sai da muka sauke shi ƙasa da Barafu sosai, gari ya waye, sannan ya dawo hayyacinsa, kuma bai tuna rabin abin da ya faru ba.

Abin da ya same shi kumburin ƙwaƙwalwa ne. Alamarsa tangaɗi, ruɗewa, da magana marar kan gado, kuma mai shi ba ya sanin yana ciki, shi ya sa ba a barinsa ya yanke wa kansa hukunci. Ɗan'uwansa shi ne taruwar ruwa a huhu: mutum na zaune yana haki, tari mai danshi, wani lokaci kaki mai kumfa da ɗan ja-ja, leɓe ya canza launi. Dukansu suna iya kisa cikin sa'o'i, kuma maganin farko ɗaya ne, a sauka, ko da mita 500 zuwa 1,000 ne, ko da tsakar dare ne, ba a jiran safiya. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa. Matasa masu jini a jika ma sun fi faɗawa, don su ne ke sauri kuma su ne ke jin kunyar cewa ba su da lafiya. Akwai ƙwaya, Diamox, da ke taimaka wa jiki sabawa, tana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, amma likita ne zai rubuta maka, kuma ba ta maye gurbin ƙarin kwanaki.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, wanda kamfanonin yawon buɗe ido ba su cika tambaya ba. Ku huɗun nan kowa ya je a gwada jininsa, AA ne, AS ne ko SS. Mai sikila, wato SS, wannan tafiya ba tasa ba ce, ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Mai AS kuwa, wanda a Najeriya kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, yana rayuwarsa lafiya a gida har ya manta, amma a tsayi jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Da yawa masu AS sun hau tsauni ba abin da ya same su, amma dole mutum ya ga likita tukuna, ya gaya wa jagora, ya yawaita shan ruwa, in ya ji wannan ciwon kuma ya sauka.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna da daraja. Doka ba ta yarda a hau ba tare da jagora mai lasisi ba, to ku tambayi kamfani ko suna ɗauke da tukunyar oksijin da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa a auna iska a jini, ku kuma tambayi yadda suke biyan 'yan dako da irin suturar da suke ba su. Wanda ya yi araha fiye da kima, daga bakin 'yan dako ya cire. Ku je tsakanin Yuni da Oktoba, ko Janairu da Fabrairu, ku kauce wa daminar Maris zuwa Mayu. Sanyin daren ƙololuwa yakan kai maki 10 ƙasa da sifili ko fiye, hunturun da muke kuka da shi a Jos ba a ma sa shi a wannan magana, saboda haka riga bisa riga, kuma ban da auduga a jikin fata don tana riƙe gumi. Ban da azumin nafila a kan hanya. In ruwan alwala zai cutar da kai a sansanonin sama, taimama tana nan. Ku sayi inshorar da ta ambaci tsayin mita 6,000 a rubuce. Kuma tun kuna Zariya ku zauna ku huɗu ku yi alkawari cewa in jagora ya ce wane ya juya, ya juya, kuma ɗaya daga cikinku zai bi shi.

Takalmin da za ka hau da shi ka saye shi wata biyu kafin tafiya, ka yi ta hawa Kufena da shi har ya saba da ƙafarka, ya kuma fi naka na kullum girma kaɗan. Ka yanke farcen ƙafa kafin ku tashi. Daga ƙololuwa zuwa sansanin Mweka gangara ce ta kusan mita 2,800 a yini ɗaya, yatsu na dukan bakin takalmi a kowane taku. A zuwana na farko farce biyu na bari a can.